Muhammadu Al-Kashinawi, Malamin Lissafi Na Katsina

Ku ɗauki alli ku zana murabba'i a kan allo, ku raba shi gida tara, uku a kwance uku a tsaye. Sa'an nan ku ce wa yara su zuba lambobi daga 1 zuwa 9 a cikin gidajen nan, kowace lamba sau ɗaya tak, ta yadda ko ta ina aka haɗa, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla za ta zo daidai. Za ku ga aji ya yi tsit na ɗan lokaci, daga nan kuma sai gardama ta kaure, wannan ya ce a sa tara a tsakiya, wancan ya ce a'a, biyar. Yau samari da yawa suna irin wannan wasa a wayar hannu, su haɗu ta intanet su yi ta kokawa da kacici-kacicin lambobi da rubutun ɓoye har dare ya raba, kuma galibinsu suna tsammani abin daga Turai ya zo. To, wannan murabba'i shi ne abin da malamanmu su ke kira hatimi, kuma kusan shekara ɗari uku da suka wuce wani Bakatsine ya rubuta littafi sukutum a kan yadda a ke gina shi, har malaman Masar suka zauna gabansa suna ɗauka. Shi ne za mu ba ku labarinsa.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne. A littattafan Larabci a kan rubuta shi Al-Fulani Al-Kashinawi As-Sudani, watau Bafillace, Bakatsine, mutumin ƙasar baƙar fata. A kan kuma ƙara masa Ad-Danrankawi, domin a danganta shi da Ɗan Ranko, wani gari na fatake a ƙasar Katsina. Ya yi zamaninsa a farkon ƙarni na 18, sa'ad da Katsina ta ke kan ganiyarta wajen ciniki. Ayari na fitowa daga Tarabulus da Gadamas, ya biyo ta Agadas ya sauka a birnin, kuma ba tufafi da turare kaɗai raƙuma su ke ɗauko wa ba, har da takarda da littattafai. Birnin ya riga ya yi suna da malamai tun kafin a haife shi. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, duk sun riga shi.

Mafi yawan abin da a ke faɗi game da rayuwarsa daga alƙalamin Abdurrahman Al-Jabarti ya fito, babban marubucin tarihin Masar, kuma za ku ji a gaba yadda aka yi ya san shi. Al-Jabarti ya lissafa malamansa: Muhammadu Alwali mutumin Bagarmi, da Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Muhammadu Fudu wanda ya fara buɗe masa ido a nahawu. Amma wanda ya amfana da shi ƙwarai shi ne Muhammadu Bindu. A wurinsa ya karanci usulu da balaga da manɗiƙi, da littattafan tauhidi na Sanusi, ya saurari Buhari, ya karanci mafi yawan Muhtasar na Halilu. A wurinsa kuma ya ɗauki hisabi, da ilmin sanin lokuta, da ilmin haruffa da na hatimi, bisa hanyar malaman Magrib. Ku lura da wannan jeri. Malamin da ya koya masa fiƙihu shi ne dai ya koya masa lissafi, a zaure guda, a kan buzu guda. Mutanen da ba su raba su ba.

Bari mu ɗan tsaya a kan ilmin haruffa, domin shi ne rubutun ɓoye na ƙasarmu. Kowane baƙi na Larabci yana da lambarsa. Alif 1 ne, ba 2, jim 3, dal 4, haka har ya, wadda ta ke 10. Daga nan a tafi goma goma har ƙaf, 100, sa'an nan ɗari ɗari har a kai dubu. Saboda haka kowace kalma tana da nauyinta. Sunan Muhammadu, mim da ha da mim da dal, 40 da 8 da 40 da 4 ke nan, jimla 92. Akwai kuma abin da su ke kira basɗu, watau a shimfiɗa sunan baƙin kansa a ƙidaya: alif ana rubuta shi da alif da lam da fa, 1 da 30 da 80, ya zama 111. Da wannan dabara ce mawaƙanmu na ajami su ke ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin kalma guda a baitin ƙarshe, abin da a ke kira ramzi. Wanda bai san hisabi ba sai ya karanta kalmar ya wuce, yana tsammani wani baƙon Larabci ne.

Ga wani abu da ya kan rikitar da mai koyo. Jerin baƙaƙe iri biyu ne, na Magrib da na Gabas, kuma sun saɓa a baƙi shida. Mu nan na Magrib mu ke bi, inda shin ta ke 1000. A Masar kuwa shin 300 ce, gain ce 1000. In Bakatsine ya so ya rubuta shekarar 1142 sai ya haɗa shin da ƙaf da mim da ba, ya ce shaƙamab. In Bamasare ya warware ta bisa nasa jerin sai ya sami 442, ya yi kuskure da shekara ɗari bakwai cif. Kun ga ke nan rubutun ɓoye ba ya buɗuwa sai da mabuɗin da aka kulle shi da shi. Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazarin bayanin da Al-Kashinawi ya yi a kan wannan lissafi na ramzi, aka buga a Ibadan a 1967.

Ita shekarar 1142 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1730, ita ce shekarar da ya yi aikin hajji. Ya nemi izinin malaminsa ya kama hanya, ya ratsa ƙasashe da dama yana saduwa da sarakunansu da malamansu. A wani gari ma sai da ya zauna wata biyar wurin wani malami yana ƙarin karatu, har da ilmin bugun ƙasa. Haka tafiyar hajji ta ke a zamanin nan, makaranta ce mai tafiya da ƙafa. Da ya gama hajji ya zauna a Makka, a can ya fara rubuta babban littafinsa mai suna Ad-Durrul Manzum. Daga nan ya wuce Alƙahira, ya sauka a wata unguwa da a ke kira Darbul Atrak kusa da masallacin Azhar, ya ƙarasa littafin a watan Rajab na 1146, watau ƙarshen 1733.

Kada mu ɓoye muku, Ad-Durrul Manzum littafin ɗalasimai ne da taurari. Al-Kashinawi mutumin zamaninsa ne, ya gaskata cewa haruffa da lambobi suna ɗauke da asiri, kuma hatimin da aka zana a sa'ar da ta dace yana aiki. Malamai sun daɗe suna jayayya a kan halaccin irin wannan ilmi, kuma ba aikin wannan shafi ba ne ya raba musu gardama. Abin da na ke so ku gane shi ne, wanda duk ya ke son ya zana hatimi tilas ya fara daidaita lissafinsa, domin hatimin da jimlarsa ta karkace ba hatimi ba ne. Saboda haka ko mene ne nufin mai zanen, lissafin da ke ciki lissafi ne na gaskiya, kowa na iya jarraba shi da alli ya gani. Wannan kashi shi ne rabonmu mu malaman makaranta.

Littafin da ya fi shafarmu shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya gama a 1145, watau tsakanin 1732 da 1733. A cikinsa ya yi bayanin hanyoyin gina hatimi, musamman wanda yawan gidajen gefensa wutiri ne, watau lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7. Ba shi ya ƙago ilmin ba. Mutanen Sin sun san hatimi mai gida tara tun zamani mai nisa. A ƙarni na 10 an riga an rubuta shi da Larabci a Basra da Bagadaza, Al-Buni kuma ya cika littattafansa da shi a ƙarni na 13. Aikin Al-Kashinawi shi ne ya tara abin da ke warwatse, ya tsara, ya warware abin da magabata suka dunƙule. Sunan littafin ma ya nuna haka, domin a ciki akwai alkawarin bayyana abin da ya rikice da abin da aka kulle.

To, mu koma ga allonmu. Yaro mai sa'a yana iya cika gida tara da cinke, amma mai hankali ya kan tambaya tukuna, nawa ne jimlar da a ke nema? In aka haɗa 1 zuwa 9 a sami 45. Layi uku ne a kwance, kowanne daidai da ɗan'uwansa, saboda haka kowane layi 15 ne. Wace lamba ce za ta zauna a tsakiya? Layi huɗu ne su ke ratsa gidan tsakiya: na kwance, da na tsaye, da na kusurwa biyu. Jimlarsu 15 sau huɗu, 60. A cikin layukan nan huɗu an taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da aka taɓa sau huɗu. In an cire 45 daga 60 saura 15, wannan kuwa shi ne lambar tsakiya sau uku. Ashe biyar ce, ba makawa, kuma mai cewa a sa tara ya faɗi tun kafin a taɓa alli. Ga yadda ya ke fitowa:

4   9   2
3   5   7
8   1   6

Ku dubi kusurwoyi huɗu, ku karanta daga dama kamar yadda a ke karatun Larabci: 2 da 4 a sama, 6 da 8 a ƙasa. In an mai da su baƙaƙe su ne ba da dal da wau da ha. Daga nan kalmar buduhu ta fito, wadda a ke gani a tsofaffin takardu da layu daga Maroko har Indiya. Ana iya juya hatimin nan ko a kifa shi ya ba da fuska takwas, amma duk abu guda ne.

Da zarar an wuce gida tara, cinke ya ƙare, sai ƙa'ida. Ga ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin da masu wannan ilmi suka gada. A zana gida 25, biyar biyar. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan a riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa gida ɗaya dama, ana zuba 2, 3, 4. In aka faɗa waje ta ƙasa sai a ɓullo ta sama a layin da ya kamata, in aka faɗa ta dama a ɓullo ta hagu, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu da baki. In kuwa aka iske gida da mai shi, sai a koma kan lambar da aka rubuta a ƙarshe, a sauka gida biyu sak a ƙarƙashinta, a ci gaba. Ga abin da za a samu:

11   24   7   20   3
4   12   25   8   16
17   5   13   21   9
10   18   1   14   22
23   6   19   2   15

Ko ta ina kuka haɗa, 65 ne. Wannan ƙa'ida ɗaya za ta gina muku na bakwai bakwai, mai jimla 175, da na tara tara, mai jimla 369. Cikin hanyoyin da Al-Kashinawi ya bayyana har da wadda a ke tafiya da tsallen doki na wasan shaɗaranji, darar nan mai sarki da dawaki, watau gida biyu a miƙe, ɗaya a gefe. Kada kuma ku ɗauka abin wasan yara ne kawai. Hatimi mai gida 16 yana da iri 880 daban daban, wani Bafaranse mai suna Frenicle ya ƙidaya su, aka buga a 1693. Mai gida 25 kuwa sai a 1973 aka iya ƙidaya shi da kwamfuta, aka sami 275,305,224.

Turawan zamaninsa ma abin ya kama su. Wani jakadan Faransa mai suna La Loubere ya komo daga ƙasar Siyam ya buga wata hanya mai kama da wadda muka nuna a 1691, har yau da sunan Siyam a ke kiranta a littattafansu. Benjamin Franklin na Amurka, sa'ad da ya ke magatakardan majalisar Pennsylvania daga 1736, in muhawara ta gundure shi sai ya yi ta zana hatimi a takarda. A daidai shekarun nan Bakatsinenmu yana zaune a Alƙahira yana koyar da abin nan.

Bai tsaya ga lambobi kaɗai ba. Ya yi waƙa a kan ilmin manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, ya kuma yi mata sharhi mai kauri, Izalatul Ubus, wanda Al-Jabarti ya ce ya kai wajen kurasa sittin. Manɗiƙi shi ne ilmin auna hujja, a gane wadda ta tsaya da wadda ta gurgunce. In wani ya ce duk Bakatsine ɗan Nijeriya ne, Audu kuwa ɗan Nijeriya ne, saboda haka Audu Bakatsine ne, kunne ya kan ji kamar daidai, amma mai manɗiƙi zai nuna masa inda ƙafar maganar ta karye. Irin tunanin da ya fid da mu ga biyar a tsakiyar hatimi ke nan. Yana da littafin nahawu kuma, Bulugul Arab, da sharhi a kan wani tsohon littafin hatimi.

Akwai nasiha biyu da ya yi wa mai koyo a cikin Bahjatul Afaƙ. Ta farko, kada ya fid da rai in lissafi ya ƙi fita, ya yi ta maimaitawa har ya ci nasara. Ta biyu, ya yi aikinsa a ɓoye, kada ya watsa wannan ilmi ga kowa da kowa. Ta farkon na karɓa hannu biyu. Ta biyun kuwa, a ganina, ita ce ta cuce mu. Ilmin da aka mai da shi asiri ya kan bi mai shi kabari, ko ya rage a hannun wanda ya iya kwafe hatimi amma bai san dalilin da ya sa jimlarsa ta ke fita ba. Shi ya sa yau za ku sami ɗan makaranta da ya ga hatimi a allon kakansa sau ɗari, bai taɓa zaton akwai dangantaka tsakaninsa da darasin lissafi na ƙarfe tara ba. Abin mamaki kuwa, rayuwar Al-Kashinawi kanta ta saɓa wa nasiharsa. Abin da ya sani a gaban mutane ya same shi, wurin Bindu da sauransu, kuma abin da ya wanzu daga gare shi shi ne wanda ya rubuta a fili da wanda ya koya wa wani.

Wannan wani kuwa shi ne Shehu Hasan Al-Jabarti, babban malamin Azhar, masanin fiƙihu da falaki da hisabi, wanda kakanninsa suka fito daga wajen ƙasar Habasha. Gidansa matattarar masu ilmi ne, cike da littattafai da kayan auna taurari. Duk da girmansa ya zauna ya ɗauki ilmin hatimi da na lissafin haruffa daga baƙon nan na Katsina. Abota ta yi ƙarfi har Al-Kashinawi ya koma gidansa da zama. A nan ajali ya same shi a 1154, watau 1741, shekara goma sha uku kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. In kuna son ramzin shekarar, shaƙanad ne. Kafin ya cika ya sa Hasan ya zama wasiyyinsa a kan dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar da a ke kira Bustanul Ulama, watau lambun malamai, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Allah ya jiƙansa.

Abdurrahman ɗan Hasan bai ga Al-Kashinawi ba, domin sai bayan rasuwarsa da shekara goma sha wani abu aka haife shi. Amma ya tashi a gidan da littattafan su ke, ya ji labarin daga bakin ubansa. Sa'ad da ya girma ya rubuta tarihinsa mai suna Aja'ibul Asar, wanda a cikinsa ya ba da labarin shigar Napoleon Masar a 1798, sai ya keɓe wa malamin ubansa wuri a cikin manyan da suka rasu, ya yabe shi da faɗin ilmi. Ad-Durrul Manzum an buga shi a Masar daga baya. Kwafin Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu kuwa akwai shi a laburaren makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, kuma da shi wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta yi aiki a littafinta na 1973 a kan lissafin mutanen Afirka. Ta wannan hanya sunansa ya shiga azuzuwan Amurka, alhali yaran Katsina da na Bauchi da yawa ba su taɓa jin sa ba.

Ku da za ku fita koyon aikin koyarwa a makarantun Gwallameji da Yalwa, ku jarraba hatimi mai gida tara a aji huɗu, mai gida 25 a aji shida. Ku raba yara uku uku ko huɗu huɗu, allo ɗaya a tsakaninsu, ɗaya na rubutu, sauran na haɗa layuka suna kama kuskure. Kada ku ba su ƙa'idar a ranar farko. Ku bar su su sha wuya tukuna, kashegari ku tambaye su dalilin da ya sa biyar ta ƙi barin tsakiya.